Baƙar maganar marubuta a ranar tunawa da matattu: ta dace?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. A rana irin ta yau, 11 ga Nuwamba 1918, da ƙarfe 11 na safe, aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun wajen ƙarfe 5 na asuba aka sa hannu a takardar, cikin wani taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne da ke Faransa, amma aka ce sai ƙarfe 11 za ta fara aiki. A wannan tsakanin ba a daina ɓarin wuta ba, sojoji fiye da 2,000 suka mutu a ranar. Wani sojan Amurka mai suna Henry Gunther saura minti ɗaya a tsaya harsashi ya same shi.

Maganar da na haɗa wa ranar ta Ambrose Bierce ce, marubucin Amurka. Ya ce a hulɗar ƙasa da ƙasa, abin da ake kira zaman lafiya ɗan lokaci ne na cutar juna tsakanin yaƙi biyu. A 1939 aka koma fagen daga. Ku yi alƙalanci.

Gwaggo Ta-Zazzau:
Wa'alaikumus salam ɗana. Ina karanta abin da kake sa mana kullum, Allah ya yi albarka. Amma na yau bai kwanta mini ba. Mahaifina ya je yaƙin Burma, yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta shiga kwarin Kaladan a 1944. Ba shi da bindiga ma, ɗan dakon soja ne, akwatunan harsashi yake ɗauka a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Har ya bar duniya gashi bai sake tsirowa a tsakiyar kansa ba, wurin ya yi kanta. Muna yara, in wannan rana ta zo, tun dare zai sa a hura gawayi a dutsen guga, ya goge kakinsa da hannunsa, ya ciro lambobinsa daga cikin gwangwani ya maƙala. Kafin ya fita sai ya zauna a kan buzu ya kira sunayen abokansa da aka binne a can ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu addu'a. A gidanmu 11 ga Nuwamba ranar ta'aziyya ce. Wa ka taɓa gani ya shiga zaman makoki ya ce wa masu gawa ai dama duniya duk yaudara ce?

Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙan Baba, Gwaggo, ya sa ya huta. Wallahi ba da su nake ba. Da waɗanda suka tura su nake, masu zama a ofis su sa hannu da asuba su ce a ci gaba da mutuwa har hantsi.

Gwaggo Ta-Zazzau:
Amin. To ai maganar da ka ɗauko ba ta ce haka ba, ɗana. Ba ta ambaci kowa ba. Cewa ta yi zaman lafiyar ma ƙarya ne. Shi kuwa wanda ya dawo gida da ransa a 1946 ya iske uwarsa, gaskiya ne a wurinsa.

Ummu Hafsa:
Gwaggo a yi mini afuwa, ni ina bayan Yaya Ɗan Fagge. Ranakun tunawa nan, in aka bar su a hannun masu mulki, me ake yi? Fareti, ajiye furanni, jawabi mai daɗi a kan sadaukarwa, shi ke nan a watse sai baɗi. Babu mai tambayar don me aka mutu. Baƙar magana ce kaɗai take fasa wannan. Akwai wani mawaƙin Ingila, Wilfred Owen, hafsa ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya rubuta waƙa a kan wani sojan da iskar guba ta kama, ya siffanta yadda aka jefa shi a keken ɗaukar kaya yana kakarin mutuwa, jini na fitowa daga huhunsa. A ƙarshen waƙar ya ɗauko tsohon baitin Horace na Rum, wanda ake koya wa yaran makaranta, cewa mutuwa saboda ƙasarka abu ne mai daɗi da dacewa, ya kira shi tsohuwar ƙarya. An kashe Owen ranar 4 ga Nuwamba 1918 yana da shekara 25, saura mako guda a tsaya. Saƙon mutuwarsa ya iske mahaifiyarsa ranar 11 ga wata, ana ta kaɗa ƙararrawar murna a gari. Wa zai ce wa wannan bawan Allah bai da ikon yin magana mai ɗaci a wannan rana?

Kuma mu ba baƙin abin ba ne. Habaici da zambo da gugar zana ai da su talaka yake faɗa wa mai sarauta abin da ba zai iya faɗa kai tsaye ba.

Malam Na-Samaru:
Ummu Hafsa kin kawo hujja, amma ki duba da kyau, hujjarki ta fi taimakon Gwaggo. Me ya sa maganar Owen ta ratsa ki? Saboda kin san wane ne, kin san ranar da ya mutu, kin san abin da idonsa ya gani. Da an yanko kalmomi biyun nan, tsohuwar ƙarya, an liƙa a ƙarƙashin hoton kaburbura ba bayani, da mai karatu zai ɗauka ana yi wa matattun dariya ne.

Haka shi ma Bierce. Ɗan Fagge, ka gaya mana marubucin Amurka ne, ka tsaya nan. Mutumin nan soja ne a yaƙin basasar Amurka. Yana filin Shiloh a Afrilun 1862, inda cikin kwana biyu aka kashe ko aka raunata ko aka kama fiye da mutum 20,000. A 1864 a Kennesaw harsashi ya same shi a ka, ya yi ta fama da ciwon kai da jiri shekara da shekaru. Ɗacin bakinsa daga nan ya samo shi, ya biya kuɗinsa da jininsa. Mu da muke kwafo layinsa a waya muna kishingiɗe ba mu biya komai ba. Shi ya sa nake ganin wajibi ne duk wanda zai ara irin wannan magana ya ari labarin mai ita tare da ita.

Bari in ba da misali ɗaya da ya fi wannan fitowa fili. Ranar 14 ga Maris 1757 Ingila ta harbe babban hafsanta na ruwa, John Byng, a kan jirgi a Portsmouth, saboda ya kasa ceto tsibirin Minorca daga Faransawa shekarar da ta gabata. Gwamnati ce ta tura shi da jiragen da ba su isa ba, da abin ya lalace aka nemi wanda za a ɗora wa. Bayan shekara biyu Voltaire, marubucin Faransa, ya rubuta cewa a ƙasar nan ana ganin yana da kyau a riƙa kashe babban hafsa lokaci-lokaci don a ƙarfafa wa sauran gwiwa. Yau mutane suna jefa wannan layi suna murmushi. Abin da ba a faɗa shi ne, tun Byng yana tsare Voltaire ya yi ƙoƙarin ceton ransa, har ya aika masa da wasiƙar kwamandan Faransa da ya ci tsibirin, wadda ke shaida cewa Byng bai yi ragwanta ba. Bai yi nasara ba, aka harbe mutumin. Wato sai da ya yi iya yinsa sannan ya yi baƙar magana. Wanda ya fara da baƙar maganar don kada a ce ya yi wani abu, hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma na ƙaru. Amma ku dubi nawa uzurin. Lokacin da nake sa tarihin zalla, kwanan wata da abin da ya faru, wa yake tankawa? Shiru kake ji. Matasanmu ba sa tsayawa karanta dogon rubutu. Layi ɗaya mai zafi shi ke sa yatsa ya tsaya. Yau ga shi saboda layin Bierce mun ji labarin Kaladan, mun ji na Owen, mun ji na Byng. Da ban sa ba da ba mu ji ba.

Auta:
Gaskiya ne wannan. Ni dai layin nake fara karantawa. Yaya, ranar tunawa da Yaƙin Duniya na Biyu ka sa ta Stalin, wadda ya ce mutuwar mutum ɗaya abin tausayi ne, mutuwar miliyan kuwa lissafi ne.

Malam Na-Samaru:
Auta, kada ya sa. Babu wata takarda ko jawabi na Stalin da aka samu wannan magana a ciki. Tun 1925 wani marubucin Jamus, Kurt Tucholsky, ya kawo mai kama da ita, ya sa ta a bakin wani jami'in diflomasiyyar Faransa. Haka wadda ake cewa Churchill ya ce masu nasara ne ke rubuta tarihi, ita ma ba a same ta a rubutunsa ko jawabinsa ba. Wannan ita ce cuta ta biyu a wannan al'ada. Magana in ta yi daɗin baki sai a nemo mata babban suna a rataya, a haɗa ta da kwanan wata na gaskiya, sai gaskiyar kwanan watan ta rufa wa ƙaryar asiri.

Alaramma Mai Zaure:
Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Ɗaci a magana ba Turawa suka fara ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin lugga ya ji baitin Mutanabbi da yake cewa zalunci ɗabi'ar rayuka ne, in ka ga wanda ya kame to akwai dalilin da ya hana shi. Ya ji labarin Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya rasu a 1057, wanda ya ƙi aure ya ƙi haihuwa don yana ganin kawo ɗa duniya laifi ne ake yi wa ɗan. Muna karanta su don fasaharsu, malamanmu kuma suna ja mana kunne a kan inda suka zarce.

Ma'aunin da nake riƙe da shi hadisin da Muslim ya ruwaito ne, cewa idan mutum ya ce mutane sun halaka, to shi ne ya fi su halaka. Malamai suka ce wannan a kan wanda ya faɗa ne yana raina jama'a yana ganin kansa sama da su. Wanda ya faɗa cikin baƙin cikin abin da yake gani, ba shi ake nufi ba. To kowa ya tambayi zuciyarsa lokacin da yake tura irin waɗannan layuka, baƙin ciki ne ko jin kai ne na cewa ni na gane duniya, saura wawaye.

Kuma muna da namu misalin a gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ana tsakiyar jihadi, ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga dawakai da riguna da tara dukiya da neman sarauta. Abin ya ƙona masa rai har ya bar rundunar wajen 1807 da niyyar tafiya gabas. Baitocin da ya yi a kan haka suna nan a Tazyinul Waraƙat, masu zafi ne ƙwarai. Amma da ya iso Kano mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya, ya tsaya ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da adalci, daga baya ya koma. Ɗacin nasa bai kai shi ga naɗe hannu ba.

Ummu Hafsa:
Allah ya saka da alheri Alaramma. Amma ina tsoron a yi amfani da wannan a rufe bakin mutane. Kullum aka faɗi gaskiya mai ɗaci sai a ce ka cika yanke ƙauna, ka kyautata zato. Da kyautata zaton nan aka cinye mu.

Alaramma Mai Zaure:
'Yata, ban ce a yi shiru ba. Faɗin gaskiya gaban azzalumin shugaba ai babban jihadi ne. Cewa na yi a kira azzalumin da sunansa, kada a ce kowa azzalumi ne.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Maganar Alaramma ta ƙarshe ita ce tawa, bari in kawo ta ƙasa. A lakol an koya mana 14 ga Yuli ranar Faransa ce, ranar da aka fasa kurkukun Bastille a 1789, ranar 'yanci da daidaito. Ba a koya mana abin da ya faru 14 ga Yuli 1899 a ƙasar Tasawa ba. A shekarar nan ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa zai tafi tafkin Chadi. Sun yi yaƙi da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, sun afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu suka yi kisan da har yau ake ba da labarinsa. Suna ƙona garuruwa, suna rataye mutane a itatuwa, suna kwashe mata. Labari ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe ayarin. Da toka da gawawwaki ya gane hanyar da suka bi. Ya cim musu a Dankori ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta aka kashe shi. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu da kansu suka kashe su biyun, kaburburansu suna Maijirgi. Abin da ya girgiza Faransa a lokacin kisan farin hafsa ɗaya ne. Ayarin kuwa bai koma ba, ƙarshen watan nan ya ci Damagaram.

To in za a haɗa wa wannan rana magana, ni ta Tacitus zan sa, marubucin tarihin Rum, inda aka ce Rumawa suna mayar da ƙasa kufai su kira shi zaman lafiya. Ita ma a kan zaman lafiya take, kamar ta Bierce, ita ma ɗaci gare ta. Bambancin shi ne wannan tana da wanda take nunawa da yatsa. Akwai masu ƙonawa, akwai waɗanda aka ƙona. Ta Bierce kuwa ta zuba kowa a kwando ɗaya, wanda ya kawo hari da wanda aka kai wa. In ka ce duk ɗan Adam haka yake, ka wanke Voulet ke nan, ya zama bai yi komai ba sai halin mutane.

Malam Na-Samaru:
Madalla da wannan. Ƙarin bayani kaɗan: Tacitus ya rubuta wannan wajen shekara ta 98, a tarihin surukinsa Agricola, wanda shi ne kwamandan Rum da ya kai yaƙi arewacin Birtaniya. Ya sa maganar a bakin Calgacus, shugaban mutanen da surukin nasa ya yaƙa. Ɗan majalisar Rum ne, mai cin moriyar daular, amma ya ba abokin gaba magana mafi ƙarfi a littafin. Shi ya sa ta rayu.

Basakkwace:
Ni akwai wadda in na gani gabana yake faɗuwa. Ta Hilaire Belloc ce, marubucin Ingila, a 1898: duk abin da zai faru, mu muna da bindigar Maxim mai ruwan harsashi, su ba su da ita. Shaguɓe yake yi wa 'yan mulkin mallaka, a bakin wani ɗan cin riba ya sa ta. A shekarar, ranar 2 ga Satumba, aka yi yaƙin Karari kusa da Omdurman a Sudan, mutanen Mahadi wajen 10,000 suka kwanta, ɓangaren Kitchener, kwamandan Ingila, ba su kai 50 ba. Bayan shekara biyar abin ya iso mu. Kano 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato 15 ga Maris, sannan Burmi 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Maganar Belloc gaskiya ce, ba na musu. Amma na taɓa ganin wani ya liƙa ta ranar 15 ga Maris ita kaɗai, yara suka yi ta sharhi a ƙasa suna cewa kakanninmu ba su da wayo, sun tari bindiga da kibiya. Babu wanda ya gaya musu dubban mutanen da suka bar gidajensu suka bi Attahiru don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, ko ɗansa Mai Wurno da ya ja ragowar har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har gobe. Layin ya ba su labarin bindiga, ya haɗiye labarin mutanen.

Ɗan Fagge:
To jama'a, ga inda na tsaya. Ba zan daina sa maganganun ba, don na ga amfaninsu, yau ma shaida ce. Abin da zan ƙara shi ne layi biyu ko uku a kan mai maganar da halin da ya faɗe ta, kuma Malam Na-Samaru zai riƙa duba mini ingancinta kafin in saka, in ya yarda. Amma maganar a ce sai wadda ta nuna mutum ɗaya da yatsa, ban gamsu ba tukuna. Wani lokacin laifin na kowa ne. A 1914 ƙasashe nawa ne jama'arsu suka fito tituna suna murna za a tafi yaƙi?

Malam Na-Samaru:
Na yarda, ka riƙa turowa da wuri. Tambayarka kuma tana da nauyi, ba zan ce ba ta da shi ba.

Gwaggo Ta-Zazzau:
Allah ya yi muku albarka duka. Roƙo ɗaya gare ni, ɗana. 15 ga Janairu tana tafe. Ranar da aka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu a Kaduna a 1966, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, aka kashe Akintola da Maimalari da sauransu. Ita ce kuma ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, shi ya sa aka mayar da tunawa da 'yan mazan jiya can. Masu wannan ciwon suna raye, a kowane ɓangare, wasu suna cikin masu karanta ka. Ranar nan kada ka aro bakin kowa. Ka rubuta abin da ya faru da sunayen mutanen, ka bar mu mu yi addu'a.

Ummu Hafsa:
Gwaggo, ni a ganina ranar ce ma ta fi buƙatar a yi tambaya mai zafi, don shekara fiye da 50 ana fareti ba a zauna an faɗa wa juna gaskiya ba. Amma in sha Allah in lokacin ya zo ma tattauna.

Ɗan Damagaram:
Kafin Janairu akwai 1 ga Disamba. Ɗan Fagge, ka bar mini ita in rubuta. Ranar ce a 1944 sojan Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka ta Yamma wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar, mutanen da suka dawo daga hannun Jamus suna neman haƙƙinsu da ba a biya ba. Shekaru da yawa hukuma tana cewa 35 ne suka mutu, masana tarihi suna cewa sun fi haka nesa ba kusa ba, sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Gwaggo, in takardar sallamar Baba ta soja tana nan, a ɗauko mana hotonta, ina son in ga abin da Ingila ta biya nata sojojin in kwatanta.

Gwaggo Ta-Zazzau:
Tana wurin yayana a Tudun Wada, ɗana. Ranar Juma'a zan aika jikana ya ɗauko.